Yaɓe Ba Ƙarya Ba Ne: Martani Ga Kyle Simpson Kan Shigar da Class Cikin JavaScript

A shekarar 2014, lokacin da kwamitin TC39 mai kula da harshen JavaScript yake gab da kammala gyara mafi girma da aka taɓa yi wa harshen, wani marubuci Ba'amurke, Kyle Simpson, ya fitar da ɗan littafi a jerin da ya raɗa wa suna You Don't Know JS. Juzu'in ana kiransa this & Object Prototypes, kuma a ƙarshensa akwai rataye guda da ya keɓe kacokan don sukar kalma ɗaya da ake shirin shigo da ita, wato class. Littafin kyauta ne a intanet. Duk matashin da ke koyon rubuta manhaja a Gummi ko Anka, in yana da waya da ɗan data, yana iya sauke shi ya karanta da daddare, kuma ya kamata ya karanta, domin da wuya a samu wanda ya fayyace wa mai koyo cikin harshen nan kamar yadda Simpson ya yi. Sai dai hukuncin da ya yanke wa class kuskure ne, kuma kuskuren ya fi yin tsada a wurare irin yammacin Zamfara fiye da inda aka rubuta littafin.

Hujjarsa tana da tsari, ba za a ƙi ba ta haƙƙinta ba. A ganinsa, ma'anar class a harsunan kwamfuta ita ce kwafi: ana da mazubi guda, ana buga abubuwa daga cikinsa, kowanne ya ɗauki nasa kason ya tafi. Shi kuwa JavaScript ba ya kwafi, ɗauri yake yi, yana haɗa abu da abu da igiya mai rai. Saboda haka, in ji shi, sanya kalmar class a kan wannan tsari tamkar yi wa ginin ƙasa yaɓen siminti ne a ce wa baƙo ginin bulo ne. Mai koyo zai ga siminti ya saki jiki, ranar da bango ya tsage ya rasa dalili. Mafitar da ya kawo ita ce salon da ya kira OLOO, wanda ma'anarsa ita ce a riƙa ɗaure abu da abu kai tsaye da umarnin Object.create, a bar zancen class da gado baki ɗaya.

Kafin a auna wannan magana, sai an san abin da ke ƙarƙashin yaɓen. A harshen JavaScript kusan komai ƙunshi ne, wato ɗauri guda mai ɗauke da bayanai da kuma ayyukan da ake yi da bayanan. Kowane ƙunshi yana da wani ƙunshin a samansa, wanda za a iya kira samfurinsa. Wanda ya taɓa kai ƙarar iyakar gona a ƙasar Gummi ko Bukkuyum ya riga ya san yadda abin yake tafiya. Magana tana fara sauka a gaban mai unguwa. In ya iya raba gardamar, shi ke nan. In ta fi ƙarfinsa sai ya miƙa wa hakimi, hakimi ya miƙa wa uban ƙasa, uban ƙasa ya kai fada; Bakano zai ce dagaci da hakimi, amma matakalar ɗaya ce. Haka injin JavaScript yake yi idan aka tambayi ƙunshi wani abu. Ya duba jikinsa, in babu ya hau wajen samfurinsa, in babu ya ƙara hawa, har ya kai ƙunshin ƙoli, Object.prototype. In can ma babu, sai ya dawo da amsar undefined, wato ba a san wannan ba. Mai unguwa ba ya yawo da kwafin ilimin fada a aljihu. In fada ta sauya hukunci yau, ƙarar da ta iso gobe sabon hukuncin za ta tarar.

Duk wannan Simpson ya bayyana shi daidai. Inda ya zame shi ne ɗaya ɓangaren ma'aunin, inda ya ce class kwafi ne.

Tunanin class ya fito ne daga harshen Simula 67, wanda Ole-Johan Dahl da Kristen Nygaard suka ƙirƙira a Norwe, sannan harshen Smalltalk na su Alan Kay ya yaɗa shi daga cibiyar binciken Xerox da ke Kalifoniya. A Smalltalk, shi kansa class ƙunshi ne mai rai. Ayyuka suna zaune a jikinsa, abin da aka haifa daga gare shi yana riƙe da igiya ce kawai zuwa gare shi, kuma idan aka aiko da saƙo sai a hau matakala daga class zuwa uban class har a samu mai amsawa. Haka Python yake yi. Mutum ya sauya wani aiki a jikin class alhali manhaja tana gudana, nan take duk abubuwan da aka riga aka haifa daga gare shi za su bi sabon aikin. Haka Ruby, wanda har ya ba da damar a sake buɗe class a ƙara masa abu a tsakiyar tafiya. Ko Java, wanda Simpson ya fi sa wa ido, ba ya zuba kwafin ayyuka a cikin kowane abu da aka haifa. Ayyukan wuri guda suke, abubuwan suna nuni zuwa can. Siffar akwatin buga bulo, inda bulo yake fita ya manta da akwati, ta dace da bayanan da kowane abu yake riƙe wa kansa, amma ba ta dace da ayyuka ba. Simpson ya ɗauki ma'ana mafi ƙunci ta kalmar, wadda manyan harsuna masu class ma ba su cika ta ba, sannan ya tuhumi JavaScript da ƙarya don bai cika ta ba. Idan class ɗin Python ba ƙarya ba ne, babu dalilin da zai sa na JavaScript ya zama ƙarya.

Sai maganar asali, domin ƙarfin hujjar masu ƙin class yana ga iƙirarin cewa baƙo ne aka cusa wa harshe. Tarihi bai goyi bayansu ba. Brendan Eich ya rubuta harshen a kamfanin Netscape cikin kwana goma a watan Mayun 1995. Ya ɗebo daga Scheme, ya ɗebo tunanin samfur daga harshen Self, amma umarnin da shugabanninsa suka ba shi shi ne abin ya yi kama da Java. Shi ya sa tun farko aka haifi harshen da kalmar new, wadda da ita ake kiran wani aiki na musamman ya gina sabon ƙunshi, kamar dai yadda ake yi a Java. Da aka rubuta ƙa'idar harshen ta farko a ƙarƙashin hukumar Ecma a 1997, an keɓe kalmar class, an hana kowa amfani da ita a matsayin suna, don ana sa ran ranarta. Shi kuwa Object.create, wanda duk salon OLOO ya dogara a kansa, bai shigo ƙa'ida ba sai bugu na biyar a Disamban 2009, shekara goma sha huɗu bayan haihuwar harshen. In ana maganar wanda ya riga wani zama a gidan, new da danginsa ne 'yan gida.

Ko a gidan da aka haifi tsarin samfur ɗin, haka abin ya kasance. David Ungar da Randall Smith sun ƙirƙiri Self a tsakiyar shekarun 1980 da niyyar su ga ko za a iya rayuwa babu class. An iya. Amma a takardar da Ungar da abokan aikinsa suka wallafa a 1991 kan yadda ake tsara manhaja babu class, shawarar da suka bayar ita ce a ware ayyukan da 'yan dangi ɗaya suke tarayya a kansu a ajiye su a ƙunshi guda na sama, a bar bayanai a samfurin da ake kwafa. Wannan rabon aiki shi ne dai wanda class yake yi, suna ne ya sauya. Masu gina injin Self kuma, don ya yi sauri, sun ƙirƙiri wata dabara ta tattara ƙunshi masu siffa ɗaya a ƙarƙashin taswira guda a ɓoye. Lars Bak, wanda ya yi aiki a kan injin Self, shi ne ya jagoranci gina injin V8 da ya fito tare da burauzar Chrome a 2008, kuma dabarar ta biyo shi; a can ana kiranta ɓoyayyen class. Ke nan duk wayar Android da ke buɗe shafi da Chrome a kasuwar Bukkuyum tana gina class a cikinta, ko mai rubuta manhajar ya so ko ya ƙi.

Abin da ya faru tsakanin 2005 da 2015 ne ya fi kowace hujja ƙarfi, kuma shi ne littafin Simpson ya wuce da sauri. A shekarun nan babu class a harshen, kowa yana da cikakken 'yancin ya yi ɗauri kai tsaye. Me jama'a suka yi da 'yancin? Kowane gungu ya zauna ya ƙera nasa class. Rumbun kod na Prototype ya zo da nasa. Dean Edwards ya fitar da Base a 2006. John Resig, mai jQuery, ya wallafa nasa salon gadon a 2008. MooTools da Dojo da YUI da Ext kowanne da nasa, Google da nasa a Closure, Node da nasa, Backbone da nasa a 2010, React da createClass a 2013. Wasu ma sabon harshe suka ƙirƙira wanda ake juya shi ya koma JavaScript, kuma class yana cikin abin da suka fara sakawa: CoffeeScript a ƙarshen 2009, TypeScript na Microsoft a Oktoban 2012. Hatta Douglas Crockford, wanda ya fi kowa suna wajen ƙin class, ya taɓa rubuta nasa salon gadon kafin daga baya ya ce ya yi kuskure.

Matsalar ita ce babu biyun da suka jitu. A ɗauki abu guda mai sauƙi, ɗa ya kira aikin ubansa. A Prototype ana rubuta $super, a MooTools parent, a Dojo inherited, a salon Resig _super, a na Crockford uber, a YUI superclass. Kasuwa ce da kowane mai awo ya zo da tiyarsa daga gida, kowanne kuma ya rantse tasa ce daidai. Wanda ya ƙware a wani kamfani, in ya koma wani, sai ya sake koyon yadda ake cewa wannan ɗan wancan ne. Kayan aikin da ke duba kod su gano kuskure kafin a kunna shi ba su da abin kamawa, domin ba su san wace tiya ake awo da ita ba. Tambayar da ke gaban kwamitin TC39 ba ta ko za a yi class ba ce, an riga an yi shi sau goma. Tambayar ita ce ko za a bar shi sau goma ko a mayar da shi ɗaya.

Kwamitin ma bai yi gaggawa ba. An taɓa yunƙurin shigo da class mai nauyi irin na Java a bugu na huɗu, wanda ya yi kama da ActionScript 3 na kamfanin Adobe. Microsoft da Yahoo suka ƙi, aka yi ta ja-in-ja, har aka binne bugun a taron Oslo na Yulin 2008, Eich ya sanar da sulhun a watan Agusta. Da aka dawo kan batun, abin da aka amince da shi a 2012 shi ne mafi ƙanƙantar class da kowa zai iya haƙura da shi, wanda aka gina shi kai tsaye a kan matakalar samfur ba tare da an taɓa ta ba. Shi ne ya fito a bugu na shida a watan Yunin 2015, wanda Allen Wirfs-Brock ya yi wa edita. Abin da Simpson yake tsoro, wato a mayar da JavaScript ya koma Java, shi ne ainihin abin da kwamitin ya ƙi tun shekara shida kafin littafinsa.

Cewa class yaɓe ne kawai ita ma ba cikakkiyar gaskiya ba ce, kuma ko da yaɓen ne, duk wanda ya zauna a ginin ƙasa da damina ya san yaɓe ba don ado kaɗai ake yin sa ba. A tsohon salo, in mutum ya manta bai rubuta new ba, harshen yakan yi shiru ya zuba bayanan a fili inda kowane sashe na manhaja zai iya taka su. Class yana tsayar da aiki nan take ya ce an yi kuskure. Duk kod ɗin da ke cikin class yana gudana a ƙarƙashin tsattsaurar ƙa'ida ko ba a nema ba. Ayyukansa ba sa kutsowa cikin jeri idan ana zagaya bayanan ƙunshi, abin da ya sha wahalar da mutane a da. Da shi aka samu damar yin gado daga Array da Error yadda ya kamata, kuma shi ne hanyar da aka saba bi wajen ƙera sabbin sassan shafin intanet da burauza take gane su kamar nata. A bugun 2022 aka ƙara masa ma'ajiyar sirri mai alamar #, wadda babu wani kod na waje da zai iya leƙawa ko sauyawa.

Amfanin waɗannan zai fi fitowa idan aka sauko da maganar ƙasa, aka kawo ta inda rubutu a rajista yake iya raba rai da mutuwa.

A watan Maris na 2010 ma'aikatan ƙungiyar likitoci ta MSF suka gano cewa yara suna mutuwa da yawa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum. Dutsen zinaren da ake niƙawa a tsakar gida cike yake da dalma, ƙurar tana sauka a ƙasan da yara ke rarrafe. Dareta, Abare, Tungar Daji, Sumke, 'Yargalma, Tungar Guru, duk sun shiga ciki. Ƙauyen Bagega kuwa ba a kwashe gurɓatacciyar ƙasarsa ba sai 2013, bayan matasan Follow The Money sun matsa wa gwamnatin tarayya ta saki kuɗin. Aƙalla yara 400 suka rasu. Aikin jinyar kuwa aikin rajista ne daga farko har ƙarshe: sunan yaro, ƙauyensu, ko an share gidansu, nawa aka samu a jininsa, zagaye na nawa yake sha na maganin da ke fitar da dalmar. Ƙa'idar ita ce a fara magani idan awo ya kai maikurogiram 45 a kowace desilita ta jini. Ƙaramar na'urar awon da ake yawo da ita kuma tana tsayawa a 65, abin da ya haura haka sai dai ta nuna ya yi yawa, a tsarma jinin a sake aunawa. MSF ta riƙe aikin fiye da shekara goma, sannan ta miƙa shi ga hukumomin jihar a farkon 2022.

A ƙaddara an sa wani matashi ya rubuta manhajar riƙe irin wannan rajista da JavaScript. In ya bi salon Simpson, haihuwar kowane fayil mataki biyu ce: a ɗaure sabon ƙunshi da samfurinsa, sannan a kira wani aiki na biyu ya cika shi da bayanai. Sunan aikin na biyu ba harshe ne ya yanke shi ba, wani zai ce init, wani setup, wani abin da ya ga dama. Ranar da aka manta mataki na biyu, an samu fayil ɗin yaro wanda babu awon jini a cikinsa. Da manhaja ta tambaya ko awon ya kai 45, za ta hau matakala ta dawo da undefined, kuma a JavaScript idan aka gwada undefined da 45 amsar da ke fitowa ita ce a'a, babu ƙara, babu gargaɗi. Yaron ya fita daga jerin masu magani a shiru. In kuwa an rubuta class Yaro extends Majinyaci, ƙofar haihuwa ɗaya ce, sunanta constructor, kowa ya san inda take, kuma a bakinta ake ajiye mai gadi ya ƙi karɓar fayil marar awo, ya kuma tilasta a bambanta 65 na gaskiya da 65 na na'urar da ta kai iyakarta. Awon kansa a ajiye shi a bayan alamar #, ta yadda babu mai sauya shi sai ta hanyar da ke rubuta rana da sunan ma'aikaci.

Masu goyon bayan Simpson za su ce ƙwararre zai iya kafa irin wannan gadi ba tare da class ba. Gaskiya ne, zai iya. Amma manhaja ba ta zama a hannun wanda ya rubuta ta, musamman a nan. Ƙungiya tana zuwa da kwangilar shekara biyu, ta tafi. Wanda ya rubuta ya samu aiki a Abuja ko Legas. Abin ya faɗo hannun jami'in kwamfuta na ma'aikata a Gusau, ko ɗan hidimar ƙasa da aka turo asibitin ƙaramar hukuma, wanda karatunsa na tsara manhaja a Jami'ar Tarayya ta Gusau ko kwalejin fasaha ta Talatar Mafara ko ta Ƙauran Namoda mai yiwuwa da Java ko C++ ya yi shi. In ya buɗe fayil ya ga class da extends da super, ya san gari. In ya tarar da salon ɗaurin da wani ya ƙirƙira wa kansa, sai ya fara karatun tunanin mutumin da bai taɓa gani ba. Ba kullum ba ne kuma zai samu damar tambayar intanet. A watan Satumban 2021 an rufe layukan sadarwa a faɗin jihar Zamfara saboda yaƙi da 'yan bindiga, wasu yankunan suka yi makonni babu sabis. A irin wannan hali abin da ke cikin kan mutum da abin da ke rubuce a gabansa su kaɗai ne jarinsa.

Kada a ɗauka wannan hasashe ne mai nisa. Ƙungiyar eHealth Africa, mai babban ofishi a Kano, da JavaScript ta gina manhajojin da ke aiki ko babu sabis lokacin annobar Ebola ta 2014 da 2015 a Afirka ta Yamma, suna ajiye bayanai a waya su tura idan layi ya dawo. Tsarin DHIS2 da Najeriya ke tattara alƙaluman asibitoci da shi, fuskarsa da ma'aikaci ke gani da JavaScript aka rubuta ta. Harshen ya riga ya shiga aikin lafiya a wannan yanki, kuma masu gadon kod ɗinsa sun fi masu rubuta shi yawa.

Akwai inda Simpson ya yi gaskiya, kuma ba ƙananan wurare ba ne. Class bai gyara rikicin kalmar this ba: a cire wani aiki daga jikin ƙunshinsa a miƙa shi wani wuri, sai ya manta ubangidansa, kuma wannan yana cizon masu koyo har gobe. Gado mai hawa biyar ko shida masifa ne, domin taɓa kaka yana girgiza tattaɓa-kunne. Tun 1994 marubutan littafin Design Patterns suka ba da shawarar a fifita haɗa ƙananan sassa a kan dogon gado, kuma su mutanen class ne. React, wanda ya rungumi class a 2015, ya juya ya fito da Hooks a Fabrairun 2019, yau kuma galibin masu amfani da shi da ayyuka zalla suke rubutu, kuma rikicin this yana cikin dalilan da masu shi suka bayar. Duk wannan yana nuna cewa ba kowane aiki ne na class ba. Maɓallin da ke kan allo bai buƙaci uba da kaka ba. Amma fayil ɗin majinyaci, asusun mai POS, kuskure mai suna da ake son a kama shi daban da sauran kurakurai, waɗannan abubuwa ne masu siffa ɗaya da ake haifarsu dubbai, masu dokar da ba a son a karya, kuma irinsu aka yi class dominsu. Shi kuwa salon OLOO, fiye da shekara goma bayan fitowar littafin, da wuya mutum ya buɗe wani babban rumbun kod da jama'a ke amfani da shi ya tarar da shi a ciki.

Tsoronsa mafi nauyi shi ne na jahilci, wato mai koyo zai tsaya a kan yaɓe bai taɓa sanin akwai tubali a ciki ba. Tsoron yana kan hanya, amma laifin na koyarwa ne, kuma class bai rufe ƙofar dubawa ba. Malamin da ke horar da matasa a shirin 3MTT, wanda gwamnatin tarayya ta ƙaddamar a ƙarshen 2023, ko a wani shagon koyon kwamfuta a Gummi, yana iya nuna komai cikin rabin sa'a, babu buƙatar data, burauza kaɗai ta isa. Ya sa ɗalibai su rubuta class Majinyaci da class Yaro extends Majinyaci, su haifi fayil ɗin yaro guda. Su tambayi harshen typeof Yaro, zai amsa musu da function, su gane cewa tsohon aikin nan mai gina ƙunshi yana nan bai je ko'ina ba. Su kira Object.getPrototypeOf a kan fayil ɗin, su sake kira a kan abin da ya fito, su riƙa hawa daga mai unguwa zuwa hakimi zuwa uban ƙasa har su kai fada su ga null a bayanta. Daga nan malam ya ƙara wani sabon aiki a jikin Majinyaci.prototype, ya sa su tambayi fayil ɗin yaron da suka haifa minti goma da suka wuce, su ga ya amsa.